Kada A Zubar Da 'Ya'yan Kyanwa, A Nema Musu Gida

Jama'a, sau da yawa kyanwa takan haihu a bayan randa ko a ƙarƙashin gado. Bayan 'yan kwanaki sai maigida ya ce shi kam sun yi masa yawa. Sai a zuba 'ya'yan a buhu, a ba yara su kai bayan gari su zubar. Can kare ko shaho zai cinye su, ko yunwa da rana su kashe su. Alhali kuwa a ƙauyen nan akwai manomin da ɓera ya hana shi barci, yana neman kyanwa ruwa a jallo.

Gaskiya ne gida ɗaya ba zai iya riƙe su duka ba. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Takan haifi uku, huɗu ko biyar a ciki ɗaya. Tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. 'Yarta mace kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida. Saboda haka dole a raba su. Amma rabon yana da lokaci, yana kuma da hanya.

Kada A Yi Gaggawa

Ana haifar ɗan kyanwa idonsa a rufe. Sai ya kwana bakwai zuwa goma kafin ya buɗe. Yakan fara lasar abinci idan ya kai mako huɗu, amma ba ya isa yaye sai ya cika mako takwas. Wanda aka raba da uwarsa tun yana mako biyu ko uku da wuya ya rayu. Wasu sukan ce ai sai a ba shi madarar shanu. To, madarar shanu zawo take sa shi, zawo kuwa nan da nan yake kashe ƙaramar dabba.

Akwai wani amfanin jiran. A wurin uwa yake fara koyon farauta. Za ku ga ta kamo ɓera da ransa, ta ajiye a gaban 'ya'yanta suna wasa da shi. Ba wasa ba ne, makaranta ce.

A cikin makonnin nan a riƙa ɗaukarsu a hankali ana shafa su, don su saba da mutane. Wanda bai saba da hannu ba, gudu da yakushi zai riƙa yi, ba mai son karɓarsa.

Wa Za A Ba?

A fara cigiya tun suna shan nono. Maigida ya faɗa a majalisa da ranar kasuwa. Uwargida ta faɗa a gidan suna ko gidan biki. A tuntuɓi masu rumbu, da mai injin niƙa, da masu sayar da hatsi, da mai tireda. Da kaka an fi samun masu so, lokacin da aka cika rumbuna, ɓeraye suka dawo gida daga gona.

Idan mutum yana shakka, a tuna masa ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga hatsi ba. Akwai irin ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa idan suka taɓa abinci. An fara gano cutar a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kiwon kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera, tare da rufe abinci da tsabtace gida.

Amma ba duk wanda ya miƙa hannu ake ba ba. Kada a ba yaro sai babban gidansu ya yarda, in ba haka ba gobe za a tsinci ɗan kyanwar a bola. A tambaya ko suna sa maganin ɓera a gidan. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma tana iya mutuwa. A tambaya ko akwai kare mai faɗa. Idan suna da 'yan tsaki, su tanadi akurki, don kada a wayi gari ana tsine wa kyanwa.

Babbar tambaya ita ce: za su ba ta abinci? Mutane da yawa suna cewa a bar kyanwa da yunwa don ta kama ɓera. Wannan kuskure ne. Kyanwa tana farauta ko da ta ƙoshi. Mai yunwa kuwa satar nama take koya, ko ta bar gidan.

Ranar Da Za A Kai Shi

A sa shi a kwali mai ramuka don iska, tare da tsumman da yake kwana a kai. Ƙanshin uwarsa zai kwantar masa da hankali. A sabon gida a ajiye shi a ɗaki ɗaya kamar mako biyu kafin a sake shi, don kada ya ɓata. A sa masa ruwa mai tsabta, da tsohon kwano cike da yashi don bayan gida. Kullum a zubar da yashin a wanke hannu, amma mace mai ciki ta bar wa wani wannan aikin.

Tuwo kaɗai ba ya riƙe kyanwa. Tana bukatar ɗan kifi, ko guntun nama, ko dafaffen ƙwai. Idan ba ta da lafiya kada a ba ta maganin mutane. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe ta.

Idan ɗan kyanwa ya kai wata uku, a kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa. Wanda kuma haihuwar kyanwarsa ta ishe shi, ya yi tambaya a asibitin dabbobi. Ana yi wa mace aikin da zai tsayar da haihuwa, namiji kuma a yi masa fiɗiya.