Daga soson teku zuwa kurkunu: Darasin halittu marasa ƙashin baya

A shekarar 1986 an ƙiyasta cewa mutane miliyan uku da rabi ne ke kamuwa da ciwon kurkunu a kowace shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A shekarar 2023 kuwa, mutane 14 kacal aka samu da ciwon a duk faɗin duniya.

An cim ma wannan nasara ba tare da allurar rigakafi ko maganin sha ba, domin har yau kurkunu ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Makamin da aka yi amfani da shi shi ne sanin rayuwar tsutsar: ta inda take shiga jiki, inda take girma, da kuma ta inda take fita.

Harsashin wannan ilimi ana aza shi ne tun a darasin kimiyya na ƙaramar sakandare, inda ake karkasa halittu gida-gida. Ɗalibai da dama kan haddace sunayen saboda jarrabawa, ba tare da sanin cewa wasu daga cikin halittun na cikin kududdufin bayan gidansu ba.

Su wane ne marasa ƙashin baya?

A wurin masana kimiyya, kalmar dabba ba ta tsaya ga akuya da saniya ba. Ta haɗa da kifi da tsuntsu da ƙwaro da tana da dodon koɗi.

Sun raba dabbobin gida biyu, wato masu ƙashin baya da marasa shi. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Lamarck ne ya yayata wannan rabo a wani littafi da ya wallafa a shekarar 1801.

Marasa ƙashin baya su ne mafiya rinjaye, domin sun kai kimanin kashi 95 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sani.

Daga cikinsu akwai rukunoni huɗu da ake ɗauka a matsayin mafiya sauƙin tsarin jiki: soson teku, da dangin murjani, da tsutsotsi masu faɗi, da kuma mulmulallun tsutsotsi. Idan aka jera su a haka, kowane rukuni yana da wani abu a jikinsa wanda na gabansa ba shi da shi.

Soson teku

Soson wanka da aka sani a ƙasar Hausa ɗan itace ne na wata shuka mai yaɗo. To amma akwai wani soson da ke zaune a ƙarƙashin teku, manne da dutse, wanda shi dabba ne.

Ba shi da baki, ba shi da ciki, ba shi da zuciya ko ƙwaƙwalwa. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi. A cikin ƙofofin akwai ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da ake gina kowane jiki da su, masu ɗauke da wani siririn gashi da ke kaɗawa ba dare ba rana.

Kaɗawar ce ke jawo ruwa ya shiga ta ƙananan ƙofofin, a tace abincin da ke cikinsa, sannan ya fita ta wata babbar ƙofa da ke sama.

A shekarar 1907 wani masani Ba'amurke, H. V. Wilson, ya matse soso mai rai ta cikin ƙyallen siliki har ya wargaje ya zama kamar gasara. Da ya bar shi cikin ruwan teku, sai ƙwayoyin suka riƙa neman juna suna haɗuwa, har suka sake zama ƙananan sosuna.

Murjani da danginsa

Murjanin da mata ke ado da shi, wanda sunansa ya zo a cikin Suratur Rahman, ƙashin wasu ƙananan dabbobin teku ne da ke zaune a cunkushe wuri guda. Jan murjani akasari daga tekun Bahar Rum ake samo shi.

Wasu nau'o'in murjanin kan tara ƙasusuwansu a tsawon dubban shekaru har su zama tsaunuka a ƙarƙashin ruwa. Mafi girma shi ne wanda ke gaɓar Ostireliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300.

Danginsa sun haɗa da jelifish, wata halitta mai siffar laima wadda kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, da kuma haidira, wata 'yar mitsitsiya da ke zaune a tafkuna.

A wannan rukuni ne aka fara ganin baki da ciki. Sai dai ƙofa ɗaya ce tak: ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma tuƙa ke fita. Suna da jijiyoyin kai saƙo da suka bazu cikin jiki kamar komar masunta, amma babu ƙwaƙwalwa. Kewaye da bakin akwai hannuwa masu ɗauke da ƙwayoyin harbi, waɗanda da su suke sumar da abin farautarsu.

A shekarar 1740 wani malamin yara ɗan birnin Janiba, Abraham Trembley, ya yanka haidira gida biyu domin ya gane ko shuka ce ko dabba. Kowane ɓari ya tsiro da abin da ya rasa, ya zama cikakkiyar haidira mai motsi.

Tsutsotsi masu faɗi

A rukuni na uku aka samu kai da wutsiya, da dama da hagu. Wata tsutsa mai suna filanariya, da ke ɓuya ƙarƙashin duwatsun rafi, tana da 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da ɗigo biyu a ka masu bambanta haske da duhu.

Waɗannan tsutsotsi ba su da huhu, ba su da jini. Iskar oksijin ta fata take shiga, kuma tilas ta isa kowane sashe na jiki ba tare da mai kai ta ba. Wannan ne ya sa jikinsu ya kasance shafal kamar ganye.

Da yawa daga cikinsu sun koma zaman cin arziƙi a jikin wasu halittu. Tsila, wadda ake ɗauka ta hanyar cin naman shanun da bai dahu sosai ba, ba ta da baki ko hanji. Takan maƙale a hanjin mutum tana tsotsar narkakken abinci ta fatarta, kuma tsawonta na iya kai wa mita goma.

Tsargiya

Mafi illa a wannan rukuni ita ce tsutsar da ke haddasa tsargiya, wato fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya gano ta a birnin Alƙahira a shekarar 1851.

Tsawonta bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. Tana zaune a cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, inda macen kan yi shekaru tana zuba ƙwai.

Idan mai ciwon ya yi fitsari a cikin rafi ko dam, ƙwan kan ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi wani nau'in dodon koɗi su shige jikinsa. A can suke ninkuwa, bayan wasu makonni su fito dubbai, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan domin wanka ko wanki ko su ko noman rani.

Ɓarnar kuwa daga ƙwan da suka maƙale a bangon mafitsara take zuwa. Su ke jawo zubar jini, kuma idan aka daɗe ba magani, abin na iya kai wa ga lalacewar ƙoda ko sankarar mafitsara. A jikin mata yakan taɓa mahaifa, har ya kawo matsalar haihuwa.

A wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar yaro. Likitoci na cewa alama ce ta ciwo, kuma yana da magani mai suna Praziquantel.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ƙiyasta cewa fiye da mutane miliyan 250 ne suka buƙaci wannan magani a shekarar 2021, kuma kusan kashi 90 cikin 100 a Afirka suke. Nijeriya na cikin ƙasashen da ciwon ya fi yi wa katutu.

Abin da ya faru a Senegal ya nuna yadda rayuwar waɗannan halittu ke sarƙe da juna. Bayan kammala madatsar ruwa ta Diama a shekarar 1986, tsargiyar hanji ta ɓarke a yankin Richard Toll. Masu bincike sun danganta hakan, a wani ɓangare, da yadda madatsar ta tare hanyar wani jatan lande da ke cinye dodon koɗin.

Mulmulallun tsutsotsi

Rukuni na huɗu na da cikakken hanji, baki a gaba, mafita a baya. Saboda haka tsutsar na iya ci gaba da cin abinci alhali na baya yana kan narkewa.

Mafi yawansu a cikin ƙasa da ruwa suke, kuma ba sa cutar da mutum. Ɗaya daga cikinsu, mai tsawon milimita guda, ta zama abar nazari a ɗakunan bincike domin an ƙirga ƙwayoyin jikinta kaf, an samu 959, daga ciki 302 na jijiyoyin saƙo ne. Binciken da aka yi a kanta ne ya sa Sydney Brenner da abokan aikinsa biyu suka samu kyautar Nobel a shekarar 2002.

To sai dai a cikin wannan rukuni ne kuma ake da macijin ciki, wanda macensa kan zuba ƙwai kimanin 200,000 a rana, da tsutsar da ke haddasa tundurmi, da kuma kurkunu.

Yadda aka karya lagon kurkunu

Kamar tsargiya, kurkunu ma ba ya iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum sai da ɗan aike. Nasa ɗan aiken wani mitsitsin ƙwaron ruwa ne, dangin ƙaguwa da jatan lande, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Wani masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, shi ne ya gano wannan alaƙa a wajajen shekarar 1870.

Ƙwaron kan haɗiye 'ya'yan kurkunu a cikin kududdufi. Idan mutum ya sha ruwan, ƙwaron ya mutu a cikinsa, 'ya'yan su ratsa bangon hanji su shiga cikin jiki. Bayan barbara namijin kan mutu, macen ta ci gaba da girma har ta kusa mita guda.

Bayan kimanin shekara ɗaya sai ta gangaro, galibi zuwa ƙafa, ta tayar da bororo mai raɗaɗi kamar wuta. Mai ciwon kan tsoma ƙafar cikin ruwa don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta fesa dubban 'ya'ya, zagayen ya koma farko.

Fitar da ita sai a hankali, ana naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni. A yankin Sahel ciwon ya fi tashi da damina, don haka yakan kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke nemansa, ya bar rumbu wayam.

Da aka fahimci zagayen, sai aka ga wuraren da za a datse shi. An raba wa jama'a ƙyallen tace ruwa wanda ƙwaron ba ya iya ratsawa. An ba makiyaya da matafiya bututun zuƙar ruwa mai matata a baki. An riƙa zuba maganin kashe ƙwaron a kududdufai, an haƙa rijiyoyin burtsatse, sannan an naɗa 'yan sa-kai a ƙauyuka domin ɗaure gyambon mai ciwo da hana shi shiga ruwan da ake sha.

Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ce ta jagoranci yaƙin tun daga shekarar 1986. A Nijeriya, ƙidayar da aka yi tsakanin 1988 da 1989 ta gano fiye da mutane 650,000 masu ciwon. Tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka domin wayar da kan jama'a.

An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a shekarar 2008. A shekarar 2013 hukumar WHO ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ciwon, Ghana ta biyo baya a 2015.

Sauran aiki

Jimmy Carter ya rasu a watan Disamban 2024 yana da shekaru 100, kafin a ga bayan tsutsar baki ɗaya.

Babban abin da ya kawo cikas shi ne, tun daga shekarar 2012 aka fara samun kurkunu a jikin karnuka a ƙauyukan masunta da ke gaɓar kogin Chari a ƙasar Chadi. Masu bincike na kyautata zaton cewa karnukan na ɗauka ne ta hanyar cin ɗanyen kayan cikin kifi ko kwaɗi. Wannan ya sa aka ɓullo da matakin binne kayan cikin kifi da kuma ɗaure karnuka. Tara daga cikin mutane 14 da aka samu a 2023 a Chadi suke.

Idan aka kammala aikin, kurkunu zai zama ciwon ɗan Adam na biyu da aka kawar daga doron ƙasa, bayan agana da aka bayyana ƙarshenta a shekarar 1980.

Tsargiya kuwa da sauranta. Maganinta yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana yaro sake kamuwa idan ya koma cikin ruwan. Datse zagayenta na buƙatar masai da tsabtataccen ruwa da rage dodon koɗi, da kuma yaran da suka san dalilin da ya sa ake hana su fitsari a rafi.

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ɗalibin da ya iya zana hanyar da tsutsa ke bi daga fitsari zuwa dodon koɗi, daga dodon koɗi zuwa fata, yana iya komawa gida ya nuna wa ƙannensa inda za su datse ta.