VAR da Wayar Hannu: Me Ya Sa Zargin "An Sayi Alƙali" Ba Ya Ƙarewa a Dutsin-Ma da Kurfi?

Da zarar an tashi wasa, gidajen kallon ƙwallo na Dutsin-Ma sukan watse, amma gardamar sai ta koma cikin waya. Kafin mai gidan kallo ya kashe janareto, ɗaliban FUDMA da samarin gari sun fara tura wa juna guntun bidiyo na daƙiƙa 10 da hoton da aka ja wa jan layi. Haka abin yake a majalisun Kurfi. Hukuncin kuwa kusan kullum ɗaya ne: an sayi alƙali. Wani lokaci maganar kan kai ga zagi, har abokai su kwana biyu ba sa gaisawa.

Zargin yana da tushe

A 2006 an kori Juventus zuwa rukuni na biyu a Italiya, aka ƙwace mata kofuna 2, saboda katsalandan wajen zaɓen alƙalai. A 2017 FIFA ta dakatar da alƙali ɗan Ghana, Joseph Lamptey, har abada, bayan ya ba Afirka ta Kudu fenareti a kan Senegal alhali ƙwallon gwiwar Kalidou Koulibaly ta taɓa, ba hannu ba. Sai da aka sake wasan. A Sifaniya kuma, a 2023 aka bankaɗo cewa Barcelona ta biya kamfanonin tsohon mataimakin shugaban kwamitin alƙalai, Enríquez Negreira, sama da yuro miliyan 7, kodayake ƙungiyar ta musanta cewa cin hanci ne.

Amma ba kowane kuskure ne murɗiya ba

Ranar 30 ga Satumba, 2023, aka soke ƙwallon da Luis Díaz ya ci wa Liverpool a gidan Tottenham, aka ce satar gida ce. Na'ura ta nuna ƙwallon halal ce. Muryoyin da hukumar alƙalai ta PGMOL ta fitar daga baya sun nuna cewa mai kula da VAR, Darren England, ya ɗauka alƙali ya amince da ƙwallon ne, shi ya sa ya ce an gama dubawa. Kafin ya farga an ci gaba da wasa. Rashin fahimta ne tsakanin mutane.

Zargi ba hujja kuma yana da tsada. A 2024 Nottingham Forest ta wallafa a X cewa mai kula da VAR a wasanta da Everton magoyin Luton ne, sai aka ci ta tarar fam 750,000.

Yadda hoto ke yaudarar ido

Kyamarar talabijin da ke ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa tana barin tazara. Ɗan wasan da ke gudun mita 8 a daƙiƙa yana matsawa santimita 16 tsakanin hoto da hoto, wato wanda ya tsayar da bidiyo a inda ya ga dama zai iya nuna satar gida ko ya ɓoye ta. Kusurwar kyamara ma haka: a gasar cin kofin duniya ta 2022, hotuna sun nuna kamar ƙwallo ta fita kafin Japan ta ci Sifaniya, amma hoton da aka ɗauka daidai saitin layi ya nuna gefenta bai gama tsallakewa ba. A gasar, FIFA ta yi amfani da kyamarori 12 masu bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, da na'ura a cikin ƙwallo mai aika bayani sau 500 a daƙiƙa.

Kafin a danna "tura"

Yana da kyau mutum ya nemi cikakken bidiyon daga shafin gasar, ya kalli abin da ya faru kafin wurin da aka yanke, ya duba ranar wasan domin tsofaffin bidiyoyi kan dawo da sabon take. Layin da aka zana da manhajar gyaran hoto ba layin VAR ba ne. Mai shafin da ya wallafa shi mabiya yake nema, data da sunan da za a zubar a guruf kuwa na wanda ya tura ne.