Da Me Makarantar Mishan Ke Zaɓen Ɗalibanta?

Da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai hankalin mahaifin da ɗansa ya gama aji shida na firamare ya rabu biyu: rabi a gona, rabi a kan inda yaron zai zauna in Oktoba ta kama. A Matamaye da ƙauyukan ƙasar Kance, yawancin iyaye ba su da zaɓin da ya wuce kwalejin gwamnati da aka tura yaro. Amma akwai 'yan kasuwa da ma'aikata, da masu ɗan'uwa a Damagaram ko Maraɗi ko Yamai, waɗanda kan yi tunanin makarantar kuɗi. A irin wannan hira ne ake ambatar makarantar mishan, kuma da an ambace ta sai tambaya ta biyo baya: wai suna ma ɗaukar ɗan Musulmi kuwa?

Suna ɗauka, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalili. Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba. Makarantar da ta ce sai ɗan Kirista za ta karɓa, ajinta ba zai cika ba, ba kuma za ta iya biyan malamanta ba. Shi ya sa in ka leƙa makarantun Katolika na Yamai da suka yi suna, irin su Mariyama da Isa Beri, za ka tarar 'ya'yan Musulmi ne suka fi yawa a kan benci, kuma cikin malamai ma Musulmi ba su yi kaɗan ba. Sunan Isa Beri kansa ba na wani waliyyin coci ba ne, sunan kogin Kwara ne da Zabarmanci.

Abin ba yau ya fara ba. Mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika kuwa sun fara aiki a Yamai a 1931, kuma tun 2001 jihar Damagaram tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi. Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya Galmi ya san ba a tambayar addininsa kafin a ba shi gado. Makarantun boko na coci a kan wannan tafarki suke. Sai dai kada a haɗa su da makarantar horar da fastoci ko ta masu shirin zama fada. Waɗancan na 'yan coci ne zalla, ba a shiga sai da wasiƙar fasto ko ta fada da shaidar baftisma, kuma ba su ne abin da muke magana a kai ba.

Makarantar sakandare ta mishan a Nijar makaranta ce mai zaman kanta, kuma doka ɗaya ke kanta da sauran makarantun kuɗi. Ba ta buɗewa sai da izinin gwamnati. Manhajar ƙasa take koyarwa, masu duba makarantu na zuwa mata, ɗalibanta kuma jarrabawar BEPC da ta BAC ɗin da kowa ke yi ita suke yi. Shekara huɗu a kwaleji, uku a lise, ba ragi ba ƙari. Abin da gwamnati ta bar wa makarantar shi ne ƙofa: wa zai shiga, wa zai koma gida. Nan ne rariyar take, kuma ba guda ɗaya ba ce.

Ta farko ita ce yawan benci. Abin da makarantar mishan ke sayarwa, in mun faɗi gaskiya, shi ne aji marar cunkoso da malamin da ke zuwa kullum. Mahaifi na biyan kuɗi ne don ya gudu daga ajin da ake cusa yara kamar buhunan gyaɗa, da kuma shekarar da yajin aiki ke cinye rabinta. Don haka in an ce aji kaza ne a shekarar farko, to shi ke nan, ko ɗan wa ka zo da shi. Wani abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin waɗannan benci sun riga sun yi masu su tun kafin a kafa sanarwa. Mafi yawan makarantun nan suna da firamarensu, wasu har da ajin ƙanana, kuma yaron da ya taso a hannunsu tun ajin farko shi ke gaba a layi. Daga shi sai ƙannen ɗaliban da ke ciki da 'ya'yan ma'aikatan makarantar. Ɗan abin da ya rage shi ne baƙi ke kokawa a kansa. Yaron da ya fito daga Matamaye baƙo ne.

A kan wannan ragowar ake yin gwajin shiga, kuma nan ne ya kamata mu daɗe. Gwajin ba ya wuce Faransanci da lissafi: shifta, karanta ɗan labari a amsa tambayoyi, rabawa da ninkawa, da lissafin da aka lulluɓe cikin zance. Ba a tambayar kowa Linjila. Amma shiftar nan ta fi kowace tambayar addini kayar da yaran karkara. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen da ke karatu da Faransanci, ya gano a 2014 cewa a Nijar waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 abin ya gyaru, ya kai kusan uku cikin goma. Ke nan har a shekarar da aka samu ci gaba, yara bakwai cikin goma suna barin firamare ba su iya fahimtar shafi guda ba. Yaron da ya yi karatu a rumfar kara, wadda ba a kafa ta sai an gama girbi kuma ruwan farko ke tashinta, ba zai yi gogayya da wanda ya shekara shida a ajin siminti da littafinsa a hannu ba. Ba kaifin kai ya rasa ba. Sau da yawa lissafin baka na yaron da ke taya uwarsa sayar da rake a kasuwa ya fi na ɗan birni, amma in an rubuta masa tambayar da Faransanci sai ya tsaya yana kallon takarda. A 2025 hukumomin ƙasa sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, amma wanda zai zauna gwajin shiga kwaleji har yanzu da Faransanci zai amsa.

Me ya sa makarantar ba ta dogara da takardar sakamakon da yaro ya zo da ita? Tana dubawa, tana duba matsakaicin makinsa da abin da malamai suka rubuta game da halinsa da fashinsa. Amma maki goma sha huɗu bisa ashirin a wannan makaranta ba shi ne goma sha huɗu a waccan ba. An ma yi shekara kusan goma ba a yin jarrabawar satifiket ta ƙarshen firamare, sai a 2024 aka dawo da ita. A tsawon wannan lokaci makarantun kuɗi sun ƙara riƙe gwajinsu da kyau, don ba su da wani ma'auni da ya haɗa kowa. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Sunan makarantar kuɗi yana rataye ne a kan yawan waɗanda suka ci BEPC da BAC. In ta zaɓi yaran da tun asali sun iya, rabin aikinta ya ƙare tun a bakin ƙofa. Ni dai duk lokacin da na ji ana yabon wata makaranta cewa kusan kowa ya ci, nakan so in san yara nawa ta mayar gida ranar gwaji, da nawa ta sallama kafin su kai ajin jarrabawa.

Sai takardu: takardar haihuwa, shaidar makarantar da aka baro, hotuna. Abu ne mai sauƙi a ido, amma yara da dama an haife su a gida ba a yanka musu takarda ba, sai an je gaban alƙali an yi wadda za ta maye gurbinta, kuma wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Takardar ce kuma ke tona shekaru. Makarantu ba sa son haɗa ɗan shekara goma sha biyu da ɗan goma sha shida a benci ɗaya. A ƙasar Kance wannan na da nasa ciwo, domin an san yankin da tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya neman abin kai wa baka. Ba a manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada bayan Arlit, akasarinsu mata da yara. Yaron da ya je ya dawo lafiya yakan dawo ne da giɓin shekara ɗaya ko biyu a karatunsa, kuma wannan giɓi yana bin sa har teburin darakta.

Kuɗi kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai na rajista, da na shekara wanda akan raba kashi-kashi, da kayan sawa da littattafai. Ga mutumin Matamaye akwai ƙarin da ɗan birni ba ya biya: wa zai riƙe yaron, me zai ci, wa zai tsawata masa. Darakta yakan tambayi wannan a ganawarsa da iyaye, kuma yana da gaskiya, domin yaron da ba shi da tsayayyen mariƙi shi ne ke fara fashi. In yarinya ce, tambayar takan ƙaru: za a bar ta ta gama? A ƙasar da UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, makarantar ba ta son ta ba da benci ga wadda za a cire a aji biyu.

To, addini fa, ba ya taka rawa ko kaɗan? Yana takawa, amma ba inda ake zato ba. Coci ce ta gina makarantar, kuma tana jin nauyin 'ya'yanta. Don haka in akwai ragin kuɗi ko tallafin da wani mai taimako ya aiko daga waje, ɗan fasto ko maraya ɗan coci yakan riga wasu samu, ko da yake wasu makarantun na ware wani abu ga marasa hali ba tare da duba addini ba. In yara biyu sun yi kunnen doki a gwaji, ba abin mamaki ba ne a fifita na gida. Wannan ba laifi ba ne in an faɗe shi a fili, haka makarantar Islamiyya ma za ta yi. Inda abin ya fi muhimmanci shi ne rayuwar cikin makarantar, kuma nan makaranta ta bambanta da makaranta. Wata takan ware darasin addinin Kirista ga 'ya'yan Kirista kaɗai. Wata kuma kowa ke halartar addu'ar safe da karatun Littafi Mai Tsarki. Sa hannun da mahaifi ke yi a kan dokokin makaranta ranar rajista shi ne amincewarsa da duk wannan, kuma da yawa suna sa hannu ba a karanta musu ba.

In an leƙa waje za a ga ba haka abin yake ko'ina ba. A Ingila, makarantar coci da masu nema suka yi wa yawa tana da damar fifita mabiyanta, har ta nemi shaidar baftisma da takardar limamin coci cewa iyaye na zuwa ibada. A Faransa kuwa, dokar 1959 ta ce makarantar da ta ƙulla yarjejeniya da gwamnati tana karɓar kuɗinta dole ta karɓi yara ba tare da bambancin asali ko aƙida ba. Ƙetaren iyakarmu, bayan Daura, an bi wata hanya dabam: a farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan da dama, St Paul ta Wusasa ta koma Kufena, St John ta Kaduna ta koma Rimi. St Louis ta Kano kuwa, wadda matan zuhudu da suka iso birnin a 1948 suka assasa, har yau 'yan mata Musulmi na karatu a cikinta. Halin Nijar ya fi kama da wannan na ƙarshe. Ko bayan tarzomar Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, makarantun mishan sun ci gaba da aiki, kuma 'ya'yan maƙwabta Musulmi ne suka ci gaba da cika azuzuwansu.

Abin da nake ganin ya rage wa waɗannan makarantu shi ne su kafa ƙa'idojinsu a bango, da Hausa, kowa ya gani: benci nawa ne na baƙi, me ake gwadawa, wa ya cancanci ragi. Makarantar da ta ce don talaka aka kafa ta, amma gwajinta ɗan birni kaɗai ke tsallakewa, ya kamata ta ware wasu gurabe ga yaran karkara, ko ta ba su wata guda na share fage kafin gwaji.

Kai kuma mahaifi, in kana da wannan niyya, kada ka bari sai Satumba. Ka nemi takardar haihuwar yaro tun yana aji biyar, ka sa wani ya riƙa yi masa shifta da yamma, ka je makarantar da kanka kafin a tashi hutu. In ka zauna gaban darakta, ka tambaye shi ɗaliban aji nawa ne, yaya ake yi ranar Juma'a da watan azumi, akwai wurin salla, yarinya za ta sa hijabinta, kuma wane darasi ne dole ga kowa. Ka ce a karanta maka dokokin da Hausa kafin ka ɗora hannu a kan takarda.