Sifinaka: Sauke Ƙyallen Iska da Mayar da Shi Jaka a Tsakiyar Tsere

Gabatarwa

Hausawan da ke zaune a unguwar New Bell ta birnin Duwala, a ƙasar Kamaru, sun san tseren ruwa. A farkon watan Disamba ne al'ummar Sawa kan kammala bikin Ngondo a bakin kogin Wuri, inda dogayen kwalekwale, kowanne ɗauke da gomman matuƙa, ke gwada gudu. An hana bikin a 1981, ya dawo a 1991, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2024. A wannan tsere ƙarfin damtse ake gwadawa.

Akwai kuma wani nau'in tsere wanda iska ce ke tura jirgin, irin na kulob ɗin jiragen ruwa na Legas da aka kafa a 1932, ko wanda ake yi tun 1971 daga Cape Town zuwa Rio de Janeiro. A nan gwaninta tana ga iya sarrafa manyan ƙyallayen da ke tarar iska. Wannan takarda za ta dubi guda ɗaya daga cikinsu, wato sifinaka, da yadda ake mayar da shi jaka alhali tsere na gudana.

Mene ne sifinaka?

Sifinaka ƙaton ƙyalle ne na nailan mai shara-shara, mai kusurwa uku, wanda ke kumbura kamar balan-balan a goshin jirgi. Kusurwar sama ana janta da igiya zuwa kan dirkar jirgi, biyun ƙasa kuwa kowace da tata igiyar. Amfaninsa yana nan ne idan iska na bugowa daga baya ko daga kwiɓi. Da zarar jirgi ya fuskanci iska, sifinaka ya zama kaya.

Matsalar ke nan. A yawancin gajerun tsere, jirage kan kewaya alamomi biyu, ɗaya a inda iska ke fitowa, ɗaya a inda take zuwa. Za a ɗaga sifinaka a alama ta farko, a sauke shi a ta biyu, a yi ta kokawa da iska har a koma ta farko, a sake ɗaga shi. Tsakanin saukewa da sake ɗagawa 'yan mintoci ne kawai.

Saukewa

Saukewa aikin haɗin gwiwa ne. Mutum ɗaya ya saki igiyar kusurwa guda domin iska ta zube, wasu su kamo ƙyallen ta bayan babban ƙyallen tsakiya, inda iska ba ta da ƙarfi, shi kuma mai riƙe da igiyar sama ya riƙa saki daidai da saurin masu tattarawa. Idan ya yi gaggawa, sifinaka ya faɗa teku ya cika da ruwa, jirgi ya kusa tsayawa cik. Matuƙa na yi wa wannan abin kunya laƙabin kamun jatan lande, domin ƙyallen ya koma koma.

Mayarwa jaka

Mai sayar da atamfa a Kasuwar Kwango ta Duwala zai ɗauka ninke ƙyallen ake yi gefe bisa gefe, yadda yake yi wa turmi. Ba a ninke sifinaka. Cusa shi ake yi, amma cusawar tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana ga gefuna.

Masu ɗinka shi kan bi gefunansa da ƙyalle mai launi, galibi ja a hagu, kore a dama, kamar fitilun jirgi. Wanda aka tura cikin jirgi domin wannan aiki zai fara laluben kusurwar sama cikin tulin nailan, ya rataye ta a ƙugiya ko ya danne ta da cinya. Daga nan ya bi jan gefe da hannu, taƙi bayan taƙi, yana tattara shi a tafinsa ba tare da ya saki ba, har ya kai kusurwar ƙasa. Ya koma sama ya bi koren gefe haka nan. Idan gefuna biyu sun fito ba su haura juna ba, to na ukun ma lafiya yake, komai yamutsewar tsakiyar ƙyallen. Sai ya tura tsakiyar cikin jaka, gefuna su biyo baya, kusurwoyi uku su tsaya a baki a ɗaure, kowace a ɓangarenta, yadda mai ɗaura igiya zai same su ko da cikin duhu.

A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma ana yin sa ne a ƙuntataccen ɗaki mai zafi, jirgi ya karkace gefe guda yana dukan raƙuman ruwa, ƙyallen kuma jiƙaƙƙe ne mai santsi. Ko tsohon matuƙi kan ji tashin zuciya a wurin. Ga shi kuma sauran abokan aiki suna zaune a gefen jirgi domin nauyinsu ya daidaita shi, suna jiran ya fito ya ƙara nasa. A nan ne mutum kan yi sha'awar tsallake bin gefe ɗaya.

Kuskuren ba ya bayyana sai an sake ɗagawa. Ƙyallen zai tashi a murɗe, sama ta cika da iska, ƙasa ta cika, tsakiya ta shaƙe kamar ƙugun zanzaro. Wani lokaci jan gefuna ƙasa da ɗan sassauta igiyar sama kan warware shi. Idan kuwa ya nannaɗe wayar da ke riƙe dirka daga goshin jirgi, sai an ja mutum sama da igiya, ko a sa wuƙa a ƙyalle mai tsada, jiragen da aka bari a baya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

A manyan jirage, a da akan ɗaɗɗaure sifinaka da zaren ulu ko roba domin ya kai sama a naɗe kafin iska ta tsinke ɗaurin. Dokar hana zubar da shara a teku da ta shiga ƙa'idojin tsere na duniya a 2013 ta taɓa wannan al'ada, tun da guntayen zaren cikin ruwa suke faɗawa, saboda haka wasu suka koma amfani da zif da aka ɗinka a jikin ƙyallen. Ƙananan jirage kuwa sukan zura shi ta ƙofar saman goshi, igiyoyinsa uku na ɗaure, a sake ɗaga shi daga nan ba tare da ya shiga jaka ba.

Bayan tsere akan ɗauraye sifinaka da ruwan daɗi, a shanya shi a inuwa. Gishiri na riƙe laima, rana na cin nailan, kuma jiƙaƙƙen ƙyalle da aka bari a jaka yakan yi fumfuna, launin wani sashe ya zuba a kan wani.