MOTAR ASIBITI BA MOTAR GAWA BA CE

Jama'a, akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a zongonmu, yau kuwa na ga ya kamata in kawo shi cikin takardan nan. In an ji jiniyar motar asibiti ta doso unguwa, sai ka ga mata sun fito bakin ƙofa suna salati, suna tambayar juna, "Wa ya rasu?" Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru a ƙasan nan ta Gana, yawancin motocin da mu ke gani da jiniya da rubutun ambulan a jiki gawa su ke ɗauka, daga asibiti zuwa gida, daga masallaci zuwa Awudome ko Tafo. Saboda haka har yau akwai dattijon da in ka ce za ka kira masa motar asibiti sai ya ce kana yi masa fatan mutuwa. To, motocin Hukumar Ambulan ta Ƙasa ba na gawa ba ne, na mai sauran numfashi ne, kuma da yawa daga cikinmu ba su san lokacin da ya kamata a kira su ba.

Ya kamata mu tuna mafarin abin, gama da jinin 'ya'yanmu aka saye shi. Ran 9 ga watan Mayu 2001, a filin ƙwallo na Ankara, ana wasa tsakanin Hearts of Oak da Asante Kotoko, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, mutane suka ruga ƙofa suka tattake juna. Fiye da mutum 120 suka rasu a daren nan, da yawansu kuwa samarin Nima ne da sauran zongunanmu. Waɗanda suka ga abin ba su manta yadda aka riƙa cusa mutane cikin tasi da motocin gida ba, mai rai da marar rai a haɗe. Bayan wannan masifa ne, a 2004, zamanin Shugaba Kufuor, aka kafa Hukumar Ambulan ta Ƙasa. Ta fara da kaɗan, ta kuma sha wahala, har a 2018 aka ba da labari cewa motocinta masu aiki a ƙasar duka ba su wuce 55 ba. A watan Janairu 2020 Shugaba Akufo-Addo ya raba sababbin motoci 307, watau kowace mazaɓa daga cikin 275 da a ke da su a lokacin ta sami ɗaya, sa'an nan aka fito da lamba guda ta neman agaji, 112, ban da tsohuwar lambar ambulan, 193. Kiran kyauta ne, ko babu kuɗi a wayarka.

Wani zai ce, "Malam, ai tasi ta fi sauri." Wani lokaci gaskiya ne, zan kuwa komo kan wannan. Amma a san bambancin. Direban tasi tuƙi kaɗai ya iya. Cikin motar asibiti akwai ma'aikatan da aka koya wa aikin ceto, akwai tukunyar iskar numfashi, da gadon ɗauka, da abin ɗaure wuya, da kayan tsai da jini. Watau magani ya kan fara tun daga ƙofar gidanka. Suna kuma iya tuntuɓar asibiti kafin su isa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tuna dattijon nan mai shekara 70 da ya cika cikin mota a Ankara a 2018, bayan iyalinsa sun zaga asibitoci bakwai ana ce musu babu gado.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A lungunmu akwai wani dattijo, tela ne, mai hawan jini da ya bar shan ƙwayarsa domin ya ce ya ji sauƙi. Wata rana bayan sallar Asuba ya zauna shan koko, sai kofi ya suɓuce masa. Matarsa ta duba ta ga baki ya karkace gefe ɗaya, magana kuma ta zama kamar ta mai barci. Nan da nan gida ya cika. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce a shafa man kaɗe, wata ta kawo hayaƙi, aka aika a karɓo rubutu. Ni ma ina nan tsaye, ban kuwa ce uffan ba, don kunyar manya. Ba a fita da shi ba sai bayan La'asar. Likita ya tambayi ƙarfe nawa abin ya fara, da aka faɗa masa sai ya girgiza kai. Yau dattijon nan yana raye, amma yana jan ƙafa, hannun da ya ke riƙe almakashi kuwa ya mutu, keken ɗinkinsa na nan an lulluɓe da zane.

Abin da ya same shi shi ne shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ce ta ke toshewa ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, kowane minti kuwa wani yanki na ƙwaƙwalwar mutuwa ya ke yi. In toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin a manyan asibitocin da ke da ita, amma sai cikin sa'a huɗu da rabi daga farkon ciwon, kuma sai an ɗauki hoton kai tukuna. Gane shi ba wuya. Ka ce wa mutumin ya yi murmushi, ka duba ko gefe ɗaya ya zube. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka duba ko ɗaya na faɗuwa. Ka ce ya faɗi sunansa da na ubansa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya kasa, ka dubi agogo ka riƙe lokacin, ka buga 112. Ko alamun sun wuce bayan 'yan mintoci, a kai shi, domin sau da yawa ƙaramin ɗan aiken babba ne. Kada kuma a ba shi kome ta baki, ko ruwa ko rubutu ko ƙwaya, gama maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa, abin ya zarce huhu. Ba na hana addu'a, ni wa? A yi ta, amma a yi ta cikin mota ana tafiya.

Haka nan ciwon ƙirji. In mutum ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon ya ƙi tafiya, yana haurawa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi, ga numfashi sama-sama, to kada a ce gyambon ciki ne a kawo masa kanwa. Zuciya ce mai yiwuwa. A zaunar da shi, kada ya taka da ƙafarsa zuwa bakin titi, a kira mota. Mata da masu ciwon sukari wani lokaci ba su jin ciwon sosai, sai kasala da tashin zuciya da haki.

Ga iyayenmu mata kuwa maganar ta fi nauyi, don kunya ta cinye mana rayuka da yawa. Mai ciki da ta ga jini, ko ta ji ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, ko ta kama jijjiga, wannan ba ta jiran miji ya dawo daga kasuwa ba ce. Wadda ta haihu kuma jini ya ƙi tsayawa, yana jiƙa zane bayan zane, tana iya tafiya cikin sa'a biyu. Ina roƙon magidanta su faɗa wa iyalinsu tun yau, a gaban uwar gida da maƙwabta, cewa in irin wannan ta faru an ba su izini, su kira su tafi, a same su can.

Yara kuma, in yaro ya kama jijjiga, abin da mu ka gāda shi ne a tura cokali a baki, a ɗura manja, a kara ƙafa a wuta. Duk ɓarna ce. Ba ya haɗiye harshensa, cokalin kuwa haƙori ya ke karyawa. A kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai buge shi, a duba agogo. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta komo, ko bai farfaɗo ba, a kira. Ko ta tsaya ma, in da zazzaɓi a kai shi asibiti a ranar, don zazzaɓin cizon sauro yana hawa kai. Yaron da ya sha kananzir daga kwalbar lemo, kada a sa shi amai. Wanda ya ƙone a zuba ruwan famfo minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai. Mai ciwon sukari da ya rikice yana gumi yana rawar jiki, musamman da azumi, in yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take. In ya suma, kada a ɗura masa, a kira. Wanda babur ya kayar kuma, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa kamar buhun masara. In ƙashin wuya ya taɓu, ɗaukan nan ne zai gurgunta shi. A danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, a bar hular kwano a kansa.

In kuwa mutum ya faɗi, an kira shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko yana shaƙuwa jefi-jefi, to nan motar ma ba za ta riske shi ba sai da taimakonka, gama ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida. Wani ya buga waya, kai kuma ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin kamar inci biyu, sau 100 zuwa 120 a minti. In ka gaji wani ya karɓa. Kada a yi gaggawar rufe shi da zane.

Ciwon haƙori, da mura, da zazzaɓin da mutum ke ci yana sha yana tafiya, waɗannan na ƙaramin asibitin unguwa ne. Motar ɗaya ce ga jama'a mai yawa.

Yanzu sai laifinmu. Wanda ya san Nima da Mamobi da Sabon Zongo, ko Aboabo a Kumasi, ya san lungunanmu ba su ɗaukar mota. Inda ta ke iya shiga ma mun cika shi da tebur da kiyos da rumfar biki da tumaki. In ka kira ka ce "bayan gidan Alhaji", to wane Alhaji? Ka faɗi gari da unguwa, da sanannen wuri mafi kusa, masallaci ko makaranta ko tasha. Tun 2017 akwai adireshin GhanaPost GPS, kowane gida yana iya samun lambarsa ta waya. A sa yaro ɗan makaranta ya fitar da ita, a rubuta a bango kusa da ƙofa. Ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, shekarun majinyaci, ko yana numfashi, ko yana magana. Kada ka kashe waya sai sun ce ka kashe, kada kuma a cika layin da kiran dangi. Sa'an nan a tura samari biyu bakin titi su tsaya su tare motar, a tattara katin inshorar lafiya da ƙwayoyin da ya ke sha a leda ɗaya. Taron 'yan kallo kuma su ba da wuri, majinyaci iska ya ke bukata.

Akwai wani abin kunya da ma'aikatan hukumar suka sha kuka da shi, watau kiran wasa. Yara, har da manya marasa aikin yi, su buga 112 su yi zagi ko su yi ƙarya. Duk sa'ad da layi ke hannun mai wasa, wata uwa na can tana bugawa ba ta samu. Malaman makarantun allo da iyaye su ja kunnen yara a kan wannan. Direbobinmu na tasi da trotro kuma, in kun ji jiniya ku kauce, ku bar bin bayanta a guje don ku tsere wa cunkoso.

Na ce zan komo kan maganar tasi. Ba zan yaudare ku ba, wata rana za ka kira a ce motar ta fita, ko cunkoso ya riƙe ta, mota kuwa tsufa ta ke yi. Saboda haka ka tambaye su, "Minti nawa za ku iso?" In da nisa, asibiti kuma na kusa, ka nemi shawararsu ka ɗauki abin da ya samu, sai dai wanda a ke tsoron karayar wuya ko baya, shi a jira masu abin ɗauka in da hali. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, wani ya zauna wajen kansa.

Na kan ji ana shawarar unguwa ta yi karo-karo, 'ya'yanmu na ƙasashen waje su taimaka, a sayi motar zongo ta kanmu. Niyya ce mai kyau, amma a ganina mota ba mai horo a ciki, ba iskar numfashi, ba kuɗin mai da gyara, tasi ce mai jiniya, ƙarshenta kuwa ta koma ɗaukar gawa. Abin da ya fi sauƙi mu fara da shi, sarakunan zongo da limamai su zaɓi samari da 'yan mata daga kowane lungu, a nemi Red Cross ko St John Ambulance su koya musu taimakon farko, a kuma rubuta lambobin direbobi uku na unguwa da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare. Takardar a manna ta a ƙofar masallaci, 112 da 193 a samanta da manyan baƙaƙe, yadda mai raunin ido ma zai karanta.