Me Ya Sa Bututun Ruwa Yake Tsagewa Da Bazara?

Ko ka lura cewa a garuruwanmu na Sassumbrum, Magaria da Dungass, bututun famfo ya fi yoyo da bazara, musamman a wurin mahaɗi? Ga dalili.

Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, yana kuma takurewa idan ya huce. Bututun ƙarfe mai tsawon mita 100, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, tsawonsa yakan ƙaru da santimita uku da rabi. Na roba kuwa ya ninka haka sau biyar ko fiye.

Bututun da ya sauko daga tankin ruwa yana zaune ne bisa matokarai. Idan ya tashi miƙewa, sai mazauninsa ya cije masa. Ka tuna da buhun gero a ƙasa: in ka ja shi a hankali ba ya motsi, sai ƙarfinka ya rinjayi cijewar sannan ya zame. Ƙarfe bisa ƙarfe yakan zame idan turin ya kai wajen kashi 3 cikin 10 na nauyin da ke danne shi. In an hana shi zamewa, ƙarfin yakan koma kan mahaɗi, ya tsaga shi.

Injiniyoyi masu tsara manyan bututu, irin na matatar mai ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, sukan lissafa wannan tun kafin gini. A manhajar kwamfuta irin CAESAR II akwai wata lamba ta taurin cijewa, wadda ke nuna yadda mazauni ke riƙe bututu kafin ya zame. In lambar ta yi girma, lissafi yana kusa da gaskiya, amma kwamfuta kan yi ta maimaitawa ba ta kai ga amsa ba. In ta yi ƙanƙanta, amsa na zuwa da wuri, amma tana iya ɓoye nauyin da matokari zai ɗauka. Saboda haka gwani ba ya rage ta don neman sauƙi kawai.

Kai ma kana da naka aikin, musamman in kana cikin kwamitin kula da famfo:

1. Kada a daskarar da bututu cikin siminti a kowane matokari.
2. A binne bututun roba, kada rana ta doke shi.
3. A share yashi da tsatsa daga mazaunin bututu.
4. In ka ga ɗigo a mahaɗi, ka kira mai gyara tun bai zama ɓaraka ba.