Yaro Mai Hazaƙa: A Tsallakar Da Shi Aji Ko A Bar Shi?

Ku sani akwai mas'alar da ta ke yawo yau a zaurukan Fagge da rumfunan Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Mutum ne Allah ya ba shi ɗa mai kaifin fahimta, yana aji 4 na firamare, ya fi tsararsa nesa. Masu makaranta suka ce a kai shi sakandare bana. Shin ya yarda ko ya ƙi?

Farko dai, gabatar da mai ƙoƙari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantar allo ba ta san aji ba. Kowane almajiri da allonsa, ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sa'an nan ya kama surori. Wanda ya biya allonsa da safe ya wanke, a ƙara masa, ba ya jiran kowa. Shi ya sa wani kan sauke izu 60 tun bai balaga ba, wani kuwa sai gemu ya tsiro. Haka kuma a makarantar ilmi, daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya da Risala, kowa da inda ya tsaya. Amma sharaɗin guda ne, ba a wanke allo sai an biya shi daidai a gaban malam. An ruwaito Imamu Shafi'i ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 7, kuma an ruwaito Imamu Malik bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai 70 suka shaide shi. Wato sauri da shaida tare su ke tafiya.

Boko kuwa, tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin 1909, da aji da shekara ya zo. A tsarin da ake bi yanzu yaro kan shiga firamare yana da shekara 6, ya yi 6 a can, ya yi 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, ya fito yana da 18. Mai hazaƙa da mai nawa duk ƙararrawa ɗaya ke tashinsu. Nan ne damuwar ta ke, domin yaron da ya gane darasi tun ranar Litinin, aka yi ta maimaita masa har Jumma'a, ƙarshensa ƙiriniya ko ƙin makaranta. Tauye irin wannan yaro ba adalci ba ne.

To amma ku yi lissafi irin na kasuwa. Makarantun kuɗi da yawa kan ɗauki yaro aji 1 yana da shekara 5, su fitar da shi daga aji 4 yana da 9. Ya yi shekara 6 a sakandare, ya gama yana da 15. Alhali hukumar JAMB mai jarrabawar shiga jami'a ta tsayar da shekara 16. A cikin 2025 ta ce wanda bai kai ba ba za a duba shi ba sai ya ci maki 320 cikin 400, bayan wasu gwaje-gwaje. Yara nawa ne ke kai wannan? Sauran sai zaman gida, ko kuwa uba ya tafi kotu ya yi rantsuwa a kan shekarun ƙarya. Ashe an fara tarbiyya da tsallake aji, an ƙare da shaidar zur. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Akwai kuma abin da takarda ba ta aunawa. Ɗan shekara 9 da aka jefa cikin 'yan 12, musamman a makarantar kwana, ko ya fi su lissafi bai fi su ƙarfi da wayon zama ba. Balle 'ya mace. Kuma aji 5 da 6 nan ne ake ƙarfafa lissafi da rubutun inshā'i. Wanda ya tsallake su kamar mai ginin soro ne bai bari ƙasa ta bushe ba.

Saboda haka ga hanyoyi uku. Ta farko, a bar shi ajinsa amma a cika masa ciki: malam ya ba shi littafin gaba a fannin da ya fi ƙarfi, da yamma kuma ya riƙe hadda da Larabci. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, fage ce ga irinsa. Ta biyu, a tsallakar da shi aji ɗaya tak, bayan wani malami da ba shi da riba a ciki ya jarraba shi a kan dukkan karatun ajin da za a tsallake. Ta uku, a shirya shi domin makarantun masu hazaƙa, kamar ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja, ko kuma, bayan ƙaramar sakandare, makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977.

Ya kai uban yaro, kafin ka amsa, tambayi zuciyarka: domin yaron ne, ko domin ragin kuɗin makaranta, ko domin a ce ɗan wane ya riga tsararsa? Kai da ba ka sayen turmin atamfa sai ka warware ka duba, kada ka karɓi yabon mai makaranta ba tare da gwaji ba. In ya biya allonsa, a wanke masa ba tare da jinkiri ba. In bai biya ba, sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani. Wassalamu.